Mary Pickford, Yarinyar da Aka Hana Girma

 

Yau tafiyarmu mai nisa ce. Za mu je Amurka, mu koma baya shekara ɗari da 'yan kai, zamanin da fim bai iya magana ba. Labarin wata mace za mu ji. Sunanta Mary Pickford. Ku riƙe sunan nan, Mary Pickford. A lokacinta, da wuya a sami macen da aka san fuskarta a duniya kamar ita. Amma mafi yawan masu sonta ba su taɓa jin muryarta ba.

Kafin mu shiga labarinta, bari mu fara warware wata tambaya. Mene ne fim marar magana?

Duk wanda ya kalli finafinan Indiya tun kafin a fara fassara su da Hausa, ai ya san rabin amsar. Ba ka jin yarensu ko kalma ɗaya. Amma kafin a yi nisa ka gane mugu, ka gane jarumi, ka gane uwar da aka raba da ɗanta. Ido ne ya gaya maka. Tafiya ce ta gaya maka. Dattawanmu kuma za su tuna majigi, motar nan da ke zuwa dandali da daddare, a kafa farin ƙyalle, wani ya tsaya gefe yana yi wa jama'a bayanin abin da suke gani.

To, haka fim yake a farkonsa. Kyamarar wancan lokaci hoto kawai take ɗauka, ba ta ɗaukar sauti. Mai ɗaukar hoton da hannu yake juya ta, kamar yadda uwargida ke murza injin taliya. In akwai maganar da dole mai kallo ya sani, sai a rubuta ta a baƙin allo, ta fito na ɗan lokaci, a karanta, hoto ya ci gaba. A gidan silima kuwa akwai mai kaɗa fiyano a zaune gaban allo. In an zo wurin baƙin ciki ya sassauta, in ana guje-guje ya zafafa.

Kada wani ya ɗauka 'yan wasan bebaye ne. Suna magana sarai a wurin ɗauka. Darakta ma, wato mai ba da umarni, yana tsaye kusa da kyamara yana ta faɗa musu, juyo nan, dubi ƙofa, yanzu ki yi kuka. Duk wannan hayaniya ba ta shiga fim. Fuska kaɗai ke shiga.

Wannan ke nan. Yanzu mu koma kan yarinyar.

An haife ta a birnin Toronto na ƙasar Kanada, ranar 8 ga Afrilu, 1892. Sunan da iyayenta suka raɗa mata Gladys Smith. A 1898 mahaifinta ya rasu, tana gab da cika shekara 6. Ya bar matarsa Charlotte da yara uku, Gladys da ƙanwarta Lottie da autansu Jack, ba tare da wani abin kirki ba. Uwar ta koma ɗinki, tana kuma ba da hayar ɗakunan gidan. Ta dalilin wani ɗan haya mai aiki a gidan wasan kwaikwayo ne aka fara hawar da Gladys dandamali, tana shekara 7.

Daga nan yarinta ta ƙare. Ku lura da wannan, domin shi ne bakin zaren labarin duka. Yarinta ta ƙare tana shekara 7. Iyalin suka shiga ƙananan ƙungiyoyin wasa masu yawo gari gari a jirgin ƙasa. Yau a yi wasa a nan, cikin dare a kama hanya, gobe a yi a can. Masauki na masu ƙaramin ƙarfi, abinci abin da ya samu. Makaranta kuwa sai abin da ba a rasa ba. Wanda ya san yarinyar da ke ɗaukar tiren talla tun asuba don a ɗora tukunya a gidansu, ya san irin nauyin da ke kan Gladys. Ita ce mai ciyar da gida.

A 1907, tana shekara 15, ta samu shiga wani wasa a New York, a hannun David Belasco, babban mai shirya wasannin dandamali. Shi ne ya ce sunan Gladys Smith bai yi ba. Ya sa mata Mary Pickford.

Wasan ya ƙare, aiki ya yanke, aljihu ya bushe. A wancan lokaci 'yan wasan dandamali raina fim suke yi. A ganinsu abin kallon talakawa ne, da ake biyan sisin kwabo a shiga wani ɗan shago a kalla. Mary ma haka take gani. Amma yunwa ba ta san girman kai ba. A watan Afrilun 1909 ta je kamfanin Biograph, ta gamu da darakta D. W. Griffith. Kuɗin da ake biyan 'yan wasa dala 5 ne a yini. Ita, 'yar shekara 17, ta tsaya kai da fata sai an ƙara. Aka ba ta dala 10 a yini, da alkawarin ba za ta gaza dala 40 a mako ba. Ranar farko ke nan fa. Tun ranar farko ta fara ciniki.

Finafinan lokacin gajeru ne, naɗi ɗaya, minti goma zuwa goma sha biyar. A shekarar 1909 kaɗai ta fito a guda 51, kusan ɗaya kowane mako. Yau ta fito a mai wanki, gobe uwar 'ya'ya, jibi 'yar aikin ofis. A nan ta koyi abin da ya bambanta ta da sauran. Ɗan wasan dandamali dole ya buɗe hannuwa, ya zare ido, ya dafe ƙirji, domin na kujerar baya ya gani. Mary ta gane cewa kyamara ba ta zama a kujerar baya. Tana nan kusa da hancinka. Ɗan motsin leɓe ya isa. Ɗan sunkuyar da kai ya isa. Sai ta rage, ta rage, har wasanta ya zama kamar ba wasa take yi ba.

Ga wani abin mamaki. Kamfanin ba ya rubuta sunayen 'yan wasansa. Dalili? In jama'a suka san sunanka, gobe za ka ce a ƙara maka kuɗi. Amma masu kallo ba su jira an gaya musu ba. Suka riƙa tambayar masu gidajen silima, yaushe za a kawo fim ɗin yarinyar nan mai nannaɗaɗɗen gashi? Gashinta dogo ne, ruwan zinare, ya nannaɗe ya zubo kafaɗa. Ku riƙe zancen gashin nan, za mu dawo kansa.

Masu sauraro, in yanzu kuka kama mu, labarin Mary Pickford muke yi, tauraruwar finafinai marasa magana. Mun ji tasowarta. Yanzu za mu shiga ɓangaren da ni dai ya fi burge ni, wato zancen kuɗi.

A 1913 ta koma kamfanin Famous Players na Adolph Zukor, a kan dala 500 a mako. Shekara ta zagayo, fim ɗinta mai suna Tess of the Storm Country ya fito, labarin wata 'yar masunta talakawa mai taurin kai. Gidajen silima suka cika maƙil. Daga nan aka fara yi mata laƙabi da Masoyiyar Amurka, ita da take 'yar Kanada.

Mary da mahaifiyarta suka zauna suka yi lissafi. Sun gane wata dabara da kamfani ke yi. Mai gidan silima in yana son fim ɗin Mary, sai an haɗa masa da wasu finafinan da ba mai nemansu. Kamar ɗan kasuwar da zai ce ba zai sayar maka da sukari ba sai ka haɗa da kwantan sabulun da ya yi wata shida a shago. Mary ce sukarin. Ta ce to, tunda da sunana ake sayar da kwantai, a biya ni kuɗin kwantan.

A 1916 Charlie Chaplin, mai barkwancin nan mai ɗan gashin baki da sanda, ya sa hannu a kwantiragin dala 670,000 a shekara. Da Mary ta ji, ta koma wurin Zukor. A watan Yunin shekarar ta samu dala 10,000 kowane mako, da rabin ribar finafinanta, da tabbacin ba za ta gaza dala miliyan 1 da 'yan kai ba cikin shekara biyu. Sannan ga abin da ya fi kuɗin muhimmanci. Ta samu ikon faɗa a ji a kan labarin da za a yi, da daraktan da zai yi shi, da yadda za a gama shi. Shekararta 24. A lokacin, mata a yawancin jihohin Amurka ko ƙuri'a ba su da ikon jefawa, sai a 1920 aka ba su a ƙasar baki ɗaya.

Ba ta tsaya nan ba. Sana'ar fim hawa uku ce. Akwai mai yi, akwai mai rarrabawa, akwai mai nunawa. Mai yi shi ke shan wahala, amma mai rarrabawa shi ke riƙe da wuyan jakar. Masu sana'ar fim a Kano tun zamanin kaset ba sa bukatar a yi musu dogon bayani a kan wannan. A farkon 1919 aka fara raɗe-raɗin cewa manyan kamfanoni za su haɗe kai su danne albashin taurari. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ranar 5 ga Fabrairu, 1919, mutum huɗu suka kafa kamfanin rarrabawa nasu na kansu, mai suna United Artists, wato haɗakar masu fasaha. Su ne Chaplin, da Griffith, da jarumi Douglas Fairbanks, da Mary Pickford. Maza uku, mace ɗaya. Kuma waɗanda suka san kamfanin sun sha faɗa cewa a cikin huɗun, ita ce ta fi kowa iya karanta takardar lissafi.

Shekara ɗaya bayan haka ta auri Fairbanks, bayan mutuwar aurenta na farko da ɗan wasa Owen Moore. Gidansu da ke Beverly Hills aka sa masa suna Pickfair, rabin sunanta da rabin nasa. Da suka je Landan yawon amarci, jama'a suka yi musu caa har sai da ango ya ɗaga amarya a kafaɗa don kada a tattake ta. A 1926 suka je Mosko, nan ma haka. Ta yaya Barashe ya san ta? Fim marar magana ba shi da yare. Allon rubutun nan kawai za a cire, a sa na Rashanci ko na Faransanci, shi ke nan fim ya zama na gida.

To, yanzu mu juya ɗaya gefen kwabon.

Wace irin rawa ce jama'a suka fi so ta taka? Ta yarinya ƙarama. Marainiya, ko 'yar talakawa, mai tsiwa, mai faɗa da yaran unguwa, wadda ba ta yarda a taka ta. A 1917, tana shekara 24, ta fito a matsayin 'yar shekara 11 a fim ɗin The Poor Little Rich Girl, labarin 'yar masu kuɗi da iyayenta ba su da lokacinta. Mary gajeruwa ce, tsawonta bai wuce ƙafa 5 da ɗan abu ba. Amma duk da haka sai da aka yi dabara. Aka ƙera kujeru da tebura da ƙofofi manya fiye da ƙima. Aka nemo dogayen 'yan wasa su tsaya kusa da ita. In ta hau kujera sai ƙafafunta su yi lilo. Fim ɗin ya karɓu, aka ce a ƙara. Rebecca of Sunnybrook Farm ya biyo baya, sai Pollyanna a 1920, wanda ya kawo sama da dala miliyan 1.

Kada a ce iyakar iyawarta ke nan. A fim ɗin Stella Maris na 1918 ta fito a mutum biyu, wata kyakkyawa da ciwo ya kwantar, da wata marainiya 'yar aikatau da duka ya karkatar wa kafaɗa. Don ta biyun, ta shafe gashinta da mai ya kwanta, ta ɓata fuskarta har ba a gane ta. A Little Lord Fauntleroy na 1921 ta fito a yaro namiji, ta kuma fito a mahaifiyarsa. Yaya aka yi? Mai ɗaukar hotonta, Charles Rosher, zai rufe rabin idon kyamara ya ɗauke ta a matsayin yaron. Sai ya mayar da fim ɗin baya, ya rufe ɗaya rabin, ya ɗauke ta a matsayin uwar. Ba kwamfuta, ba komai, sai haƙuri da awo. Wurin da yaron ya sumbaci kumatun uwar bai wuce daƙiƙa kaɗan a allo ba, amma ya ci musu yini guda cur.

Ta so ta fito a babbar mace. A 1923 ta ɗauko darakta Ernst Lubitsch daga Jamus suka yi Rosita, inda ta fito a mawaƙiyar titi 'yar Sifen. Ta sake gwada wani a shekarar da ta biyo. Masoyanta suka kalla, amma ba da ɗokin da suka saba ba. Da ta tambaye su ta wata mujallar finafinai wace rawa suke so ta taka, amsoshin da suka fi yawa duk na 'yan mata ƙanana ne na cikin littattafan yara. Sai ta koma. A 1925, tana shekara 33, ta fito a 'yar shekara 12 a fim ɗin Little Annie Rooney, kuma ya yi kasuwa.

Ku dubi wannan al'amari, jama'a. Matar da ta tanƙwara manyan attajiran Hollywood a teburin ciniki, ta kasa tanƙwara mai sayen tikiti. Kamfani nata, labari nata, darakta ita ke ɗaukarsa aiki. Amma gashin kanta kamar ba nata ba. Ni a ganina akwai wani abu kuma a ƙasa. Wadda ba ta samu yin wasan ƙasa tana shekara 7 ba, ita ce ta yi ta yin sa a gaban kyamara har ta haura talatin. Wataƙila shi ya sa yaran da take fitowa a matsayinsu ba su cika zama shagwaɓaɓɓu ba. Yara ne masu ɗaukar nauyin wasu. A Sparrows na 1926, ita ce babbar yaya a cikin marayun da wani azzalumi ya tsare a gonarsa, ta goya ƙaramarsu ta ratsa da su fadama mai kadoji.

Mun zo kashi na ƙarshe, lokacin da fim ya buɗe baki.

A watan Oktoban 1927 kamfanin Warner Brothers ya fito da The Jazz Singer, inda aka ji ɗan wasa yana waƙa, yana kuma 'yar magana. Cikin shekara biyu zuwa uku, kasuwar finafinai marasa magana ta mutu a Amurka. Aikin ma ya sauya. Makirufon farko ba ya ji daga nesa, sai a ɓoye shi a tukunyar fure, ɗan wasa ya tsaya kusa da shi kamar an dasa shi. Kyamara kuma aka kulle ta a wani akwati don kada ƙararta ta shiga. Darakta ya yi shiru, mai fiyano ya rasa aiki.

A watan Maris na 1928 mahaifiyarta Charlotte ta rasu. Ita ce abokiyar shawararta tun daga jirgin ƙasa har teburin Zukor. Wata uku bayan haka, Mary ta shiga shagon gyaran gashi a New York ta ce a sa almakashi. Gashin nan da na ce ku riƙe zancensa, aka datse shi. Labarin ya hau shafin farko na jaridu. Wasiƙun ɓacin rai suka yi ta zuwa, kai ka ce wani abin gadonsu ta lalata.

Akwai maganar da ake yawan yi, cewa taurarin wancan zamani muryarsu ce ta kashe su. Ga wasu haka ne, musamman waɗanda Ingilishinsu bai nuna ba. Ga Mary ba haka ba ne. A dandamali ta tashi, ta san magana. Fim ɗinta na farko mai sauti, Coquette na 1929, ya yi kasuwa, ya kuma ba ta lambar yabo ta Oscar ta gwarzuwar 'yar wasa a 1930. Ita ma tana cikin mutum 36 da suka kafa ƙungiyar da ke ba da lambar a 1927. Matsalar a wani wuri take. Yarinyar ta tafi tare da gashin, babbar macen da ta maye gurbinta kuma jama'a ba su saba da ita ba. Ga sababbin taurari sun taso. Finafinan da suka biyo baya ba su kai ko'ina ba. A 1933, bayan fim ɗin Secrets, ta daina fitowa. Shekararta 41, ta yi finafinai kusan 200.

Shekarun da suka biyo baya masu nauyi ne. Ƙanenta Jack ya rasu a 1933, Lottie a 1936. A shekarar ne kuma aurenta da Fairbanks ya mutu. A 1937 ta auri Buddy Rogers, wanda suka fito tare a fim ɗinta na ƙarshe marar magana, suka ɗauki riƙon yara biyu. Ta ci gaba da riƙe hannun jarinta a United Artists har 1956, lokacin da ta sayar a kan dala miliyan 3. Talauci bai sake kusantarta ba. Amma giya, wadda ta addabi mahaifinta da ƙannenta, ita ma ta kama ta. A hankali ta daina fita. Har ta kai baƙi su zo Pickfair, ta yi magana da su ta waya daga ɗakinta na sama.

Akwai lokacin da ta ƙudura a ƙone finafinanta bayan ranta, don tsoron kada 'yan baya su yi mata dariya. Ƙawarta Lillian Gish, wadda Mary ce ta kai ta wurin Griffith a 1912, na cikin waɗanda suka hana ta. Ba ƙaramar sa'a aka yi ba. Fim ɗin wancan zamani an yi shi ne da wani sinadari mai saurin kama wuta, wanda in ya daɗe a ajiye yakan narke ya zama gari. Wani bincike da babban ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka ya fitar a 2013 ya nuna kashi 70 cikin 100 na dogayen finafinan Amurka marasa magana sun ɓace baki ɗaya. Na Mary da yawa sun tsira, domin mallakarta ne, ita ta adana su, daga baya ta miƙa su ga masu ajiyar kayan tarihi.

A 1976 aka ba ta Oscar ta girmamawa. Ba ta je wurin bikin ba. Kyamara ce ta bi ta gida, ta ratsa ƙofar Pickfair, ta same ta zaune a kujera, tsohuwa 'yar shekara 83, murya ƙasa ƙasa. Ta karɓa, ta yi godiya da ƙwalla a idonta. Ta rasu ranar 29 ga Mayu, 1979, a Santa Monica, tana da shekara 87. Gidan kuma, waɗanda suka saye shi daga baya suka rushe shi suka gina wani.

Wanda ke da waya da ɗan data, ya rubuta Mary Pickford da Sparrows a intanet, zai same shi. Ba ya bukatar tafinta.